Ƙuman Ruwa: Abin da Bakin Teku Zai Koya Maka Game da Tafkin 'Ya'yan Kifinka

Duk mai ƙyanƙyasar kifi ya san wannan ciwon kai. Ka zuba 'ya'yan tarwaɗa dubu goma a tafkin raino, ruwa ya yi kore shar, ba ka ga mushe yana yawo a sama ba, amma ranar kwashewa sai ka ƙirga ka tarar ko dubu biyu ba su cika ba. Akan ɗora laifin a kan kwaɗi, ko 'ya'yan mazari, ko tsuntsu, wani lokaci ma a kan yaron da ke gadi. Sau da yawa suna da hannu, ban da yaron. Sai dai akwai wasu halittu a cikin ruwan da ba a cika lissafi da su ba, saboda ƙanƙantarsu, alhali su ne ke yanke hukuncin ko 'ya'yan kifinka za su ƙoshi, ko su kwana da yunwa, ko ma su zama abincin wani.

Masana suna kiransu kofifod. A nan za mu kira su ƙuman ruwa, don yadda suke tafiya da zillo kamar ƙuma. Dangin jatan lande ne da ƙaguwa. Babba a cikinsu bai cika wuce milimita 1 zuwa 2 ba, wato kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka, kuma da yawansu ido ɗaya gare su a tsakiyar goshi. Idan ƙwai ya fashe, ɗan da ke fitowa bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Zai yi saɓa sau 11 kafin ya zama babba: matakai 6 yana ɗan mitsitsi mai kama da kaska, matakai 5 yana kama da iyayensa. A ruwa mai ɗumi irin namu, duk wannan yakan kammala cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Babu inda ya fi nuna yadda yanayin ruwa ke rarraba waɗannan halittu kamar wurin da kogi ke shiga teku. Shi ya sa za mu fara daga can, ko da tafkinka yana Zariya ko Gashuwa.

Inda ruwan daɗi ya haɗu da na gishiri

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Ruwan kogi bai kai rabin giram ba. A tsakaninsu akwai ruwan zartsi, wanda ake samu a bakin Kogin Kuros kusa da Kalaba da Oron, da bakin Kogin Bonny, da rassan Neja irin su Nun da Forcados, da kuma tafkin Legas. Idan ka shiga kwalekwale daga can sama ka gangaro zuwa teku kana ɗiban ruwa kana tacewa, za ka ga ƙuman ruwan suna sauyawa kamar yadda harshe ke sauyawa daga gari zuwa gari a kan hanya. A sama, inda ruwa ke da daɗi, za ka samu irin waɗanda ke tafkunanmu na Arewa, su Thermocyclops da Mesocyclops. A tsakiya, cikin zartsi, sai 'yan jure wahala irin su Pseudodiaptomus da Acartia. Kusa da teku kuma sai na teku sosai, irin su Paracalanus da danginsa.

Dalilin yana cikin jikinsu. Ƙumar ruwan daɗi idan ta faɗa ruwan gishiri, ruwan jikinta ne zai riƙa fita har ta yamushe, kamar yadda yankakken tumatir ke tsatsafo da ruwa idan ka barbaɗa masa gishiri. Ta teku kuwa idan ta shiga ruwan daɗi, ruwa ne zai riƙa shiga jikinta har ta kumbura. Na tsakiya suna da dabarar daidaita gishirin jikinsu, amma aikin yana cin ƙarfi. Don haka iri-irin da ke iya zama a zartsi ba su da yawa. Waɗanda suka iya ɗin kuma sai su yi yawa ƙwarai, tunda abinci ya wadata, masu gasa da su sun ragu. Ka riƙe wannan, zai dawo mana idan mun zo maganar tafki.

Iyakokin nan ba a tsaye suke wuri guda ba. Da damina, musamman wajen Satumba da Oktoba lokacin da ambaliyar Neja da Binuwai ke gangarowa ta Lakwaja, ruwan daɗi yakan tura gishiri baya har bakin teku, ƙuman ruwan daɗi su biyo shi su mamaye wurare da dama. Da rani kogi ya ja baya, teku ya kutso ciki, na teku su dawo. Tafkin Legas misali ne sananne: da damina yawancinsa kan zama kusan ruwan daɗi, da rani kuma gishirin da ke wajen mashigar jiragen ruwa kan kusanci na teku. Wuri ɗaya, mazauna biyu, kowa da lokacinsa.

Sai kuma tumbatsa da janyewar teku, sau biyu a kowace rana. A Kalaba bambancin kan kai kusan mita 3, a Legas kusan mita 1. Halittar da ba ta kai ƙwayar gero ba, yaya za ta yi kada ruwa ya kwashe ta ya zubar a teku? An lura cewa wasunsu kan hau sama idan ruwa yana shigowa, ya ɗauke su zuwa ciki, idan ya fara janyewa kuma su nutse ƙasa inda gudun ruwan ba shi da ƙarfi. Da haka suke zama a unguwarsu. Bayan wannan akwai wata ɗabi'a da ƙuman ruwa da yawa ke da ita, a teku ko a kududdufi: da rana su sauka ƙasa su ɓuya daga idon kifi, da dare su hau sama cin abinci.

Wannan duk ba labarin nesa ba ne ga ɗan Arewa. Busasshen jatan landen da matan gida ke dakawa a miya, wanda 'yan kasuwa ke cewa kirefish, da bandar kifin bonga da ake kawowa kasuwanninmu daga Kudu, da yawansu daga irin wannan ruwa suke fitowa, kuma ƙananan halittun nan suna cikin abin da suke ci tun suna ƙanana. A Tafkin Kainji ma, tun bayan kammala dam ɗin a 1968, ƙananan kifin nan warangi da masunta ke shanyawa sun dogara sosai da irin wannan abinci.

To, me ya haɗa wannan da tafkinka?

Tafkin raino ba shi da tumbatsar teku, amma abubuwan da ke rarraba ƙuman ruwa a bakin kogi su ne ke aiki a cikinsa: gishiri, zafi, gurɓacewar ruwa da laka, iskar oksijin, abinci, da wanda ke cin wani. Bambancin shi ne a bakin teku sauyin yana bin wuri, a tafkinka kuma yana bin kwanaki. Kuma a nan ne kuɗinka yake.

Idan ka busar da tafki, ka zuba farar ƙasa, ka sa taki, ka cika shi da ruwa, halittun ba sa zuwa gaba ɗaya. Farko gansakukar da ido ba ya gani ce ke tashi, ruwa ya fara kore. Bayan kamar kwana 3 zuwa 5 sai rotifa, waɗanda suka fi kowa ƙanƙanta, a ido kamar ƙura suke. Wajen mako guda sai Moina da danginta, masu zagayayyen jiki, wani lokaci har su sa gefen ruwa ya yi ja-ja. Ƙuman ruwa su ne 'yan baya. Sai an doshi mako biyu manyansu ke yin yawa, domin su sai namiji da mace sun haɗu, kuma sai ɗa ya bi matakan nan 11, alhali rotifa da Moina mace kaɗai na iya haihuwa ba tare da namiji ba. Amma idan suka iso, su ke riƙe gari, don suna cin rotifa da ƙananan Moina.

Yanzu duba ɗan tarwaɗa. Kwana 3 bayan ƙyanƙyasa ya shanye gwaiduwar cikinsa, ya fara neman abinci, tsawonsa bai wuce milimita 6 ko 7 ba, bakinsa ɗan ƙarami. Abin da zai iya haɗiya shi ne rotifa, da ƙananan Moina, da jariran ƙuman ruwa. Babbar ƙuma ta fi ƙarfin bakinsa, ta kuma fi shi sauri. Abin da ya fi muni, manyan ƙuman dangin Cyclops, irin Mesocyclops ɗin da muka ambata, mafarauta ne. Sukan maƙale a jikin jaririn kifi su gutsuri fiffikensa ko fatarsa, ya mutu da rauni ya nutse ƙasa inda ba za ka gan shi ba. Ɗan kifin da ya kai mako biyu zuwa uku kuwa, shi ke farautarsu, kuma abinci ne mai kyau a gare shi, mai gina jiki. Halitta ɗaya ce, yau maƙiyiya, gobe abinci, kwanaki ne kawai suka raba.

Shi ya sa al'adar da wasu ke yi ta cika tafki a bar shi mako uku ko wata guda "ya nuna" kafin a zuba 'yan kwana uku, a ganina, asara ce da hannunka. Wannan nunar ta dace da manyan 'ya'yan kifi, masu tsawon ɗan yatsa. Ga jarirai, so ake ranar zuba su ta dace da lokacin rotifa da farkon Moina, wato cikin makon farko bayan cika ruwa. Ma'ana ka tsara ranar yi wa uwar kifi allura da ranar cika tafki tare, kada ka cika tafki sannan ka tafi neman uwa. Idan ƙyanƙyasa ta ci tura, tafki kuma ya tsufa, ya fi maka ka zubar da ruwan ka sake sabo, ko ka riƙe jariran a ɗaki kana ba su Artemia ko Moina da ka tace, har su yi ƙwari.

Wurin cika ruwan ma da lura. Idan daga kogi ko dam ko wani tsohon tafki kake jawowa, manyan ƙuma za su shigo tun ranar farko, lissafin kwanakin nan ya rushe. Ɗaura ƙyalle mai ƙananan ido a bakin bututu, ka riƙa wanke shi idan ya toshe. Gidan sauro ba zai tare su ba, idonsa ya yi faɗi. Kuma ka sani busar da tafki na kwana biyu ba ya kawar da su: wasu suna barin ƙwai masu jure fari a cikin laka, wasu kuma su kansu ke kwanciya a lakar kamar matattu har ruwa ya dawo. Haka suke tsira a fadamun da ke ƙafewa duk rani. A bar ƙasan tafkin ya bushe har ya tsattsage, sannan a sa farar ƙasa.

Hunturu, bazara, da ruwan farko

Kwanakin da na lissafa na lokacin ɗumi ne. Da hunturu, a wurare irin Kano da Katsina da Jos, ruwan tafki kan yi sanyi har ƙasa da digiri 20 da asuba, komai sai ya yi nawa. Rotifar da ke fitowa a kwana 4 tana iya kai mako. Wanda ya bi kalanda kawai sai ya zuba jarirai a ruwan da ba kowa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, akasin haka ne: komai na gudu, tafki na tsufa da wuri. Ga kuma matsalar iska. Ruwa mai digiri 20 na iya riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne iyakarsa, ga shi a zafin ne kowace halitta ke ƙara buƙata. Idan ka cika kashin kaji a irin wannan lokaci, ruɓewarsa za ta cinye iskar da dare, kafin asuba ƙasan tafki ya zama kango. A bakin kogunan da birane ke zuba ƙazanta haka ake gani, masu laushi su ɓace, 'yan jure wahala kaɗan su rage. A tafki ma dangin Cyclops sun fi sauran jure ƙarancin iska, wato dai waɗanda ba ka so su ne za su saura.

Gwajin da kowa zai iya: tsoma hannunka a ruwa. Idan tafin hannun ya ɓace wa idonka daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, kusan santimita 30, koren ya yi daidai. Idan ya ɓace tun a wuyan hannu, dakatar da taki, ka ƙara sabon ruwa. Idan har kana hango ƙasan tafki, abinci bai isa ba.

Amma ka bambance kore da ja. Ruwan farkon damina yakan wanko jar laka daga gona ya zuba a tafki. Wannan duhun ba abinci ba ne. Yana tare hasken rana, gansakuka ta kasa tashi, kuma Moina da ke tace duk abin da ta samu sai ta cika cikinta da laka. Ƙuman ruwa kuwa masu zaɓe ne, suna ɗaukar abin da suke so su bar laka, don haka jan ruwa ya fi yi musu daɗi. A bakin teku akwai yanki na musamman inda laka ke taruwa a mahaɗar ruwan biyu, kuma wasu ƙuman zartsi a nan suka fi yawa. Ɗaga gefen tafkinka, ka shuka ciyawa a kai, ka haƙa lambatu ya kewaye shi kafin ruwan farko ya sauka.

Batun gishiri kuma, ya fi shafar masu amfani da burtsatse ko rijiyar da ruwanta ke da zartsi ko ɗanɗanon kanwa. Da rani ruwan tafki na tashi sama, gishirin na zama, kullum kana ƙara ruwa yana ƙara taruwa. Karfasa tana jurewa fiye da tarwaɗa, jariran tarwaɗa kuma su suka fi kowa rauni. Moina ma ba ta son gishiri mai yawa. Idan ka sa taki yadda ya kamata amma tafki ya ƙi kawo komai sai iri ɗaya, ka tuna da yankin zartsin nan na bakin kogi, ka auna ruwanka. Maganinsa sauya wani kaso na ruwan gaba ɗaya, ƙari a kan tsohon ba ya rage gishiri. Haka nan masu zuba gishirin girki a tafki duk lokacin da kifi ya yi atishawa, su sani a tafkin raino suna kashe abincin 'ya'yan ne. Wankan gishiri a bahon daban ake yinsa.

Akwai inda gishiri ke da amfani, gaskiya. Tsutsar nan mai kama da zare da ke cusa kanta a fatar kifi ta bar jan tabo, wadda masana ke kira Lernaea, ita ma ƙumar ruwa ce da ta koma zaman cin jini, haka Ergasilus da ke maƙalewa a matacin numfashin kifi. Lernaea 'yar ruwan daɗi ce, 'ya'yanta ba sa jure zartsi. Amma uwar da ta riga ta kafe a jiki gishiri bai cika fitar da ita ba, sai an haɗa da ware kifin da ya kamu da busar da tafki. Nemi malamin gona ko likitan dabbobi kafin ka sayi wani magani.

Maganin feshin ƙwari kuwa, kaffa-kaffa. Ƙuman ruwa da Moina dangin ƙwari ne ta nesa, abin da ke kashe tsutsar wake yana kashe su da ɗan kaɗan. Wanke injin feshi a magudanar da ke shiga tafki, ko jawo ruwa daga ƙasan gonar rani da aka yi wa feshi jiya, ya isa ya share tafki tas cikin dare ɗaya, ruwan kuma yana nan kore kamar ba abin da ya faru. Za ka ji wasu na cewa a ɗiga maganin a tafki don a kashe manyan ƙuma a bar rotifa. Manyan gonakin kifi a wasu ƙasashe sun yi haka da awo na ƙa'ida, amma ga mai awo da murfin kwalba, hanyar kashe jarirai ce da sa wa masu cin kifi guba. Ƙyalle da lissafin kwanaki sun fi arha.

Yadda za ka gani da idonka

Ba sai da madubin likita ba. Samu kwalbar gilashi mai haske da tocilan. Bayan isha'i, lokacin da suka hau sama, ɗebi bokiti biyu ko uku daga wurare daban-daban na tafkin, ka tace ta farin ƙyalle mai laushi, ka ɗauraye abin da ya rage a cikin kwalbar, ka haska ta gefe. Abin da ke yawo a hankali kamar ƙura, rotifa ne da jariran ƙuma, kuma shi kake nema wa 'yan kwana uku. Masu zagaye da ke tsalle-tsalle a hankali, Moina ce. Masu siffar ɗigon ruwa da wutsiya, da ke tsayawa cak sannan su zabura, su ne ƙuman. Idan ka ga mace ɗauke da jakar ƙwai biyu a gefe da gefe kamar jakin da aka yi wa mangala, dangin Cyclops ce, mafarauciya. Mai dogayen ƙahonni da jaka ɗaya, mai cin gansakuka ce galibi, ba ta da haɗari sosai. In da rana tsaka ka ɗiba daga saman ruwa, za ka iya cewa tafkin ba kowa alhali suna ƙasa.

Ga ƙungiyoyin manoma, a nan haɗin kai ke biya. Matacin ƙwararru mai ƙananan ido, da ma'aunin zafin ruwa, da ɗan na'urar auna gishiri, mutum ɗaya zai ga kamar ɓarnar kuɗi ne, amma mutum ashirin za su iya saye su riƙa karɓa-karɓa. A ajiye littafi guda: ranar cika ruwa, irin taki da yawansa, ranar da aka fara ganin kowace halitta, ranar zuba jarirai, adadin da aka kwashe. Bayan damina ɗaya da rani ɗaya za ku samu kalandar garinku, wadda ta fi duk kwanakin da ke cikin wannan rubutu daidai da ruwanku. Masu tankin siminti ko na tamfol, inda waɗannan halittu ba sa tashi da kansu sosai, ƙungiya na iya ware ƙaramin rami ɗaya don noman Moina, a riƙa sabunta shi kafin ƙuma su mamaye, kowa ya zo ya tata.

Dattawa da yawa sun san ƙuman nan ta wata hanya, ko da ba su taɓa ganinsu ba. Dangin Cyclops su ne ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu: mutum ya sha ruwan kududdufi da su a ciki, bayan kusan shekara tsutsa ta fito masa a ƙafa, sau da yawa daidai lokacin aikin gona. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an samu sama da mutum 650,000 da cutar a Najeriya. Matatan ƙyallen da aka rarraba a ƙauyuka ƙuman nan aka yi su don tarewa. A Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu, Ghana kuma a 2015. A Chadi har yanzu ana samunta jifa-jifa, musamman a jikin karnukan ƙauyukan masunta na bakin Kogin Shari, shi ya sa ake gargaɗin a riƙa binne kayan cikin kifi maimakon jefa wa kare. Tafkin da ka sa wa taki don ƙuma su yi yawa, kada yara ko leburori su sha daga cikinsa, kuma ƙyallen da kake tace ruwan tafki da shi a ware shi, kada ya koma kan randar gida.